Fina-finan Italiya na zamani: yadda mazaunin Saudiyya zai zaɓa, ya kalla, ya kuma fahimta

Da yawa daga cikin Hausawan da ke zaune a Jidda da Makka da Madina da Riyad sun taɓa kallon labarin da aka ƙaga a Italiya ba tare da sun san asalinsa ba. A watan Janairun 2022 kamfanin Netflix ya saki fim ɗinsa na farko da harshen Larabci, Ashab wala A'azz, wanda Mona Zaki da Nadine Labaki suka fito a cikinsa, ya kuma tayar da ƙura sosai, musamman a Masar. Labarin abokai bakwai ne da suka haɗu cin abincin dare, suka ajiye wayoyinsu a kan tebur bisa sharaɗin duk saƙon da ya shigo a karanta shi a gaban kowa, duk kiran da ya shigo a amsa shi kowa yana ji. Asalin labarin na Paolo Genovese ne, wanda ya fitar da shi a 2016 da sunan Perfetti sconosciuti, kuma an sake shirya shi a ƙasashe da harsuna masu yawa har kundin Guinness ya rubuta shi a matsayin fim ɗin da aka fi maimaita shiryawa. Wanda ya ji daɗin na Larabcin, kai har wanda ya fusata da shi, yana da dalilin tambayar me kuma Italiyawa suke shiryawa a yau.

Suna shirya kusan kowane iri: barkwanci, labaran 'yan mafiya (ƙungiyoyin asiri na masu aikata manyan laifuka), tarihin siyasa, rayuwar iyali, tafiyar baƙin haure, ban tsoro, bin sawun mai laifi, katun, da fina-finan gaskiya waɗanda ba a ƙaga labarinsu ba. Sai dai tun da aka sake buɗe gidajen silima a Saudiyya a watan Afrilun 2018, bayan shekaru fiye da talatin suna rufe, abin da ya fi cika allunansu shi ne na Amurka da Masar da Indiya da na gida, don haka fim ɗin Italiya sai an neme shi da gangan. Mai nema kuwa yakan tafi kai tsaye ga jerin waɗanda suka ci manyan kyaututtuka, ya faɗa kan fim mai nauyi da jan lokaci, ya gaji cikin rabin sa'a, ya yanke hukuncin cewa duk haka suke. A ganina hanyar da ta fi dacewa ita ce mutum ya shiga ta irin fim ɗin da ya riga ya saba so, ya kuma riƙa lura da yankin Italiya da labarin ya fito, domin a can yanki ne yake yanke harshen fim da halin mutanensa da abin da suke dariya a kai.

Tantance abin da ake nema

A fara da raba abubuwa uku da ake yawan cuɗawa. Akwai fim ɗin da ya shafi Italiyawa amma na Amurka ne, kamar shahararrun fina-finan mafiya da aka shirya a Hollywood da Turanci. Akwai fim ɗin da daraktansa ɗan Italiya ne amma da Turanci ya yi shi, kamar yawancin ayyukan Luca Guadagnino na baya-bayan nan. Sai kuma fim ɗin da aka yi da Italiyanci ko da ɗaya daga cikin harsunan yankunan ƙasar, wanda shi ne abin da ake magana a kai a nan, ko da daraktan ba ɗan ƙasar ba ne. Le otto montagne na 2022, labarin abotar wasu maza biyu a tsaunukan arewacin Italiya tun suna yara, 'yan Beljiyam biyu ne suka ba da umarninsa, amma da Italiyanci aka yi shi, daga littafin Paolo Cognetti.

Wajen bincike, a rubuta sunan fim na asali tare da shekararsa da sunan daraktan. Fim guda yakan ɗauki suna daban a Larabci, wani daban a Turanci, wani a Faransanci, kuma sunaye irin su Pinocchio ko Dogman fina-finai da dama ne suke ɗauke da su. Wanda ya rubuta Pinocchio kawai zai iya ƙarewa a katun ɗin Amurka, alhali abin da yake nema shi ne na Matteo Garrone na 2019, wanda Roberto Benigni ya fito a matsayin tsohon kafinta.

Murya da tarjama

Bahaushen da ya saba da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa, ko wasannin Turkiyya da aka ɗora wa Larabcin Sham, zai so ya nemi wanda aka sauya wa murya. Shawarata ita ce a bar muryar asali, a kunna tarjamar da ake rubutawa a ƙasan allo. Dalilin ba na ƙawa ba ne. Abin da ake kira Italiyanci a fim sau da yawa ba Italiyancin makaranta ba ne: mutumin Napoli da na Sisili da na Kalabiriya da na ƙauyukan tsaunin arewa kowa da bakinsa, kuma tazarar takan kai yadda ɗan Hijaz yake shan wahalar gane Larabcin kasuwar Maroko. Lokacin da aka nuna Gomorra, fim ɗin Garrone a kan 'yan mafiyar Napoli, a gidajen silimar Italiya a 2008, sai da aka sanya masa tarjamar Italiyanci domin 'yan ƙasar da ba na yankin Napoli ba. Idan aka shafe wannan bambanci da murya guda, rabin ma'anar ta tafi, domin a fina-finansu yadda mutum yake magana shi ke nuna garinsu da matsayinsa da iyakar karatunsa, kuma akan ga jarumi ya sauya baki daga na gida zuwa na hukuma da zarar ya shiga ofis ko kotu.

Game da harshen tarjama, kowa ya zaɓi wanda yake karantawa da sauri, ba wanda yake ganin ya fi daraja ba. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda suka yi makarantar Larabci, tarjamar Larabci ta fi musu sauƙi. Ɗalibin da ya zo daga Najeriya zai fi sakewa da Turanci, na Nijar kuwa yana da riba ta musamman idan ya zaɓi Faransanci, saboda Faransanci da Italiyanci 'yan gida ɗaya ne, kunnensa zai fara tsintar kalmomi ba da jimawa ba. Italiyawa suna magana da sauri, suna katse juna, musamman a kan teburin abinci inda manyan rigingimun fina-finansu suke faruwa, mai tarjama kuwa dole ya taƙaita. Saboda haka allon talabijin ya fi na waya, domin ido ya samu damar karanta rubutu ya kuma ga hannuwa da fuskoki, waɗanda suke faɗin abin da rubutun ya tsallake.

Kafin a kunna a falo

Wannan mataki ba a tsallake shi a gidan da akwai yara ko surukai. Fina-finan Italiya na manya sukan nuna tsiraici ba tare da wani gargaɗi a cikin labarin ba, giya a kan tebur abu ne na yau da kullum, ashar kuma tana da yawa ko da tarjamar Larabci ta tausasa ta. Abin da aka nuna a gidan silima a Saudiyya ya bi ta hannun hukuma, an kuma sanya masa alamar shekaru irin su R15 da R18, amma abin da aka kunna ta intanet a gida, mai gidan ne hukumarsa. A duba alamar shekarun da manhajar ta sanya, sannan a buɗe sashen jagorar iyaye na shafin IMDb, inda masu kallo suke lissafa wuraren tsiraici da zubar da jini da munanan kalamai ɗaya bayan ɗaya. Kada a dogara da tallar fim, domin ba a saka irin waɗannan wurare a cikinta.

Don ƙananan yara, katun ɗin Enzo D'Alò na 1998, La gabbianella e il gatto, labarin kyanwar da ta raini ɗiyar tsuntsuwar teku har ta koya mata tashi, zaɓi ne mai kyau. Pinocchio na Garrone ya fi dacewa da waɗanda suka ɗan tasa, saboda yana da wurare masu firgitarwa.

Ƙofar da ta fi sauƙi: barkwanci

Barkwanci ne yake cika gidajen silimar Italiya, ba fina-finan da ake kai wa gasa ba, kuma ta nan ya kamata baƙo ya shiga. A fara da Benvenuti al Sud na 2010, wanda Luca Miniero ya ba da umarni. Shugaban wani gidan waya ne a arewa ya yi ƙaryar nakasa domin a mayar da shi Milan, asirinsa ya tonu, aka hukunta shi da turawa wani ƙaramin gari a kudancin Napoli, ya kama hanya sanye da rigar sulke saboda abin da ya sha ji game da mutanen kudu. An ɗauko labarin ne daga wani fim na Faransa, amma ya zauna daram a Italiya, kuma cikin sa'a biyu mai kallo zai koyi abin da zai yi masa amfani a duk sauran fina-finan: arewa mai masana'antu da kuɗi tana yi wa kudu kallon malalata, kudu kuma tana yi wa arewa kallon masu sanyin zuciya da rowa.

Daga nan sai Quo vado? na 2016, na ɗan barkwanci Checco Zalone, wanda ya tara kusan Yuro miliyan 65 a cikin Italiya kaɗai. Ma'aikacin gwamnati ne da ya ɗauki kujerarsa ta dindindin a matsayin babban rabon duniya. Da aka zo rage ma'aikata ya ƙi karɓar kuɗin sallama, aka yi ta jefa shi wurare masu wuya don ya gaji ya ajiye aiki, har can yankin ƙanƙara na Nowe, bai ajiye ba. Duk wanda ya san darajar takardar ɗaukar aikin gwamnati a wurin iyayenmu ba ya bukatar a yi masa bayanin abin dariyar. Sai dai yadda fim ɗin ya nuna 'yan Afirka a farkonsa da ƙarshensa na ragon tunani ne, irin tsohon hoton nan na ƙabila da mashi, kuma gara a san da haka tun kafin a kunna.

Na uku, wanda shi ne ya fi su duka a wurina, shi ne C'è ancora domani na 2023, fim ɗin farko da jaruma Paola Cortellesi ta ba da umarninsa, ta kuma fito a matsayin Delia, matar aure mai 'ya'ya uku a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1946. An ɗauke shi da baƙi da fari, ya kuma zarce manyan fina-finan Amurka a kasuwar Italiya a wannan shekarar. Mijin Delia yana dukanta, surukinta da ke kwance yana zuga shi, ita kuma tana ɗinki da wanki da yi wa mutane allura tana ɓoye 'yan kuɗi saboda 'yarta. Duk da haka mai kallo zai yi dariya sau da yawa, kuma akwai wurin da aka nuna dukan kamar rawa, abin da ya fi nuna shi tsirara ciwo. Wannan haɗa dariya da baƙin ciki a kwano ɗaya tsohuwar al'adar silimar ƙasar ce tun shekarun 1950 da 1960, ita ce kuma ta kai La vita è bella na Benigni ga kyaututtukan Oscar uku a 1999, duk da cewa rabinsa a sansanin 'yan Nazi yake faruwa. Wanda bai saba ba zai ɗauka rashin ɗaukar abu da muhimmanci ne, alhali ita ce hanyarsu ta faɗin abin da ya fi ƙarfin kuka. Kafin a kalli fim ɗin Cortellesi a riƙe abu guda: a ranakun 2 da 3 ga Yunin 1946 ne Italiyawa suka kaɗa ƙuri'ar da ta kawar da sarauta ta kafa jamhuriya, kuma shi ne karon farko da mata suka yi zaɓe na ƙasa baki ɗaya.

Akwai wani reshe na barkwanci da ake fitarwa lokacin Kirsimeti, wanda suke kira cinepanettone, cike da batsa da wargin banza. A wuce shi, ba a yi asarar komai ba.

Mafiya da siyasa: a karanta kafin a kalla

Nan ne mai kallo yake bukatar ɗan shiri, domin darakta yana ɗauka cewa kowa ya san tarihin. Ƙungiyoyin ba ɗaya ba ne: Cosa Nostra ta Sisili ce, Camorra ta Napoli da kewaye, 'Ndrangheta ta Kalabiriya, kuma kowacce da tsarinta. Wanda ya zo da tunanin dattijo mai kwat da martaba irin na fina-finan Amurka, Gomorra zai wanke masa ido. Garrone ya ɗauko shi daga littafin Roberto Saviano na 2006, wanda tun daga lokacin marubucin yake rayuwa ƙarƙashin gadin 'yan sanda, ya kuma saƙa labarai biyar da ba su haɗu da juna ba: yaron da ke kai saƙo a rukunin gidajen unguwar Scampia ta Napoli, tela mai ɗinka manyan kaya a ɓoye, dillalin da ke binne gubar masana'antun arewa a gonakin kudu, da sauransu. Babu jarumi, babu wanda ake so a yi koyi da shi. Kada a ɓata lokaci wajen neman inda labaran za su haɗu. Abin da ya haɗa su shi ne kuɗin da ke zagayawa.

Il traditore na Marco Bellocchio, na 2019, shi ne ya fi sauƙin bi, kuma Pierfrancesco Favino ya yi rawar gani a cikinsa a matsayin Tommaso Buscetta. Kafin a kunna a san cewa an dawo da Buscetta daga Burazil a 1984, ya buɗe baki ga alƙali mai bincike Giovanni Falcone, bayanansa suka zama ginshiƙin babbar shari'ar Palermo ta 1986 zuwa 1987 wadda aka gurfanar da mutum 475 a cikinta, sannan a ranar 23 ga Mayun 1992 aka kashe Falcone da bam a kan babbar hanya kusa da garin Capaci na Sisili. Da waɗannan a hannu, zaman kotun da ya ci babban kaso na fim ɗin, inda waɗanda ake tuhuma suke ihu daga cikin keji, zai zama wurin da ya fi ko'ina daɗin kallo.

Akwai fina-finai biyu a kan abubuwan da suka faru a shekarar 1978 da ya kyautu a kalla a jere. Buongiorno, notte na Bellocchio, na 2003, yana kan sace tsohon firaminista Aldo Moro da Red Brigades, ƙungiyar 'yan bindiga masu ra'ayin gurguzu, ta yi a ranar 16 ga Maris, ta tsare shi kwana 55 kafin ta kashe shi. I cento passi na Marco Tullio Giordana, na 2000, yana kan Peppino Impastato, saurayin da ya fito daga gidan 'yan mafiya a garin Cinisi, ya buɗe gidan rediyo yana yi wa uban mafiyar garin ba'a, alhali taku ɗari ne kacal tsakanin gidajensu. An kashe Impastato a ranar 9 ga Mayu, ranar da aka tsinci gawar Moro a Rum, don haka labarinsa ya nutse a ƙarƙashin babban labari. Shi kuwa Il divo na Paolo Sorrentino, a kan Giulio Andreotti wanda ya riƙe firaminista sau bakwai, a ajiye shi sai an ƙoshi da waɗannan, saboda sunaye suna zuba a cikinsa fiye da yadda baƙo zai iya riƙewa.

Labaran hijira

Wannan reshe ya shafe mu kai tsaye, domin hanyar da ake nunawa ta ratsa ƙasar Hausa, kuma mazaunin Saudiyya ya san zaman baƙunci da zancen takardu. Io capitano na Garrone, na 2023, ya bi samari biyu 'yan uwan juna, Seydou da Moussa, daga Dakar zuwa Mali, zuwa Agadas, cikin Sahara, zuwa gidajen azabar Libiya, har aka danƙa wa Seydou, yaro ɗan shekara 16 da bai taɓa tuƙa jirgin ruwa ba, jirgi maƙare da mutane. Kusan dukkansa da Wolof da Faransanci aka yi shi, wanda ya sa ya fita daga ƙa'idar da na kafa a sama, amma ba zai yiwu a yi zancen silimar Italiya ta yau a bar shi ba: ya ci kyautar darakta a bikin fina-finai na Venis, ya kuma shiga jerin biyar na ƙarshe a Oscar na 2024. Ƙarfinsa shi ne ya juya kyamara, ya nuna tafiyar daga idon mai tafiya, ba daga idon mai tsaron gaɓa ba. Rauninsa kuwa, a ganina, ya tsaya daidai inda wata wahalar take farawa.

Don ganin abin da ke bayan saukar, a nemi Mediterranea na Jonas Carpignano, na 2015, a kan ɗan Burkina Faso mai tsinkar lemo a Rosarno ta yankin Kalabiriya, garin da rikici ya ɓarke tsakanin ma'aikata baƙi da 'yan gari a Janairun 2010. Sai Fuocoammare na Gianfranco Rosi, fim ɗin gaskiya da ya ci babbar kyautar bikin Berlin a 2016. Rosi, wanda aka haifa a Asmara, can tsallaken Bahar Maliya, ya zauna a tsibirin Lampedusa, wanda ya fi kusa da Tunisiya a kan Sisili, ya ɗauki rayuwar wani yaro ɗan tsibirin da ta likitan da ke duba waɗanda aka ceto da gawarwakin waɗanda ba a ceto ba. Akwai wurin da wani ɗan Najeriya yake rera labarin tafiyarsu, 'yan uwansa suna amsawa. Ba fim ɗin yara ba ne. Wanda yake son ya ga ɗaya fuskar tarihin ya ƙara da Nuovomondo na Emanuele Crialese, na 2006, inda Italiyawan ne da kansu matalautan da ke layi a ƙofar Amurka ana duba haƙoransu da hankalinsu.

Sauran rassa, da fina-finai masu tafiyar hawainiya

Masoyin fina-finan jarumai masu ƙarfin ban mamaki ya nemi Lo chiamavano Jeeg Robot na Gabriele Mainetti, na 2015: ƙaramin ɓarawo ne ya faɗa kogin Tiber yana gudun 'yan sanda, ya taɓa wata guba, ya fito da ƙarfin da ya fara amfani da shi wajen ciro na'urar cirar kuɗi daga bango. Jeeg ɗin da ke cikin sunan katun ne na Go Nagai, mutumin Japan da ya ƙirƙiri Grendizer, wanda duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya sani. Akwai zubar da jini da batsa a ciki. Masoyin bin sawun mai laifi ya nemi abin da suke kira giallo, ya fara da La ragazza nella nebbia na Donato Carrisi, na 2017, ko kuma dogon zangon Il commissario Montalbano, wanda gidan talabijin na Rai ya nuna daga 1999 zuwa 2021. A ɓangaren ban tsoro sunan Dario Argento ne har yanzu a gaba, kodayake ganiyarsa ta shekarun 1970 ce. Il primo re na 2019, labarin 'yan uwan da aka jingina wa kafa birnin Rum, da tsohon Latin aka yi shi, Italiyawa ma da tarjama suka kalla.

Sai a ƙarshe a zo ga waɗanda suke cin kyaututtuka. La grande bellezza na Sorrentino, wanda ya ci Oscar a 2014, ba shi da labari irin wanda aka saba. Wani marubuci ne ɗan shekara 65 yake yawo daga wannan shagali zuwa wancan a Rum yana auna rayuwar da ya ɓatar, kuma yana da tsiraici. Lazzaro felice na Alice Rohrwacher, na 2018, ya fi shi kusa da zuciyar mai kallonmu: manoman taba ne da wata attajira ta ci gaba da bautar da su a keɓantaccen ƙauye, ba su san an daɗe da haramta irin wannan tsari ba, a tsakiyarsu kuma akwai saurayi mai tsarkin zuciya da kowa yake aike. A tsakiyar fim ɗin wani abu yana faruwa da hankali ba zai ɗauka ba, kuma daraktar ba ta yi bayani ba. A karɓe shi yadda ake karɓar tatsuniya. Irin waɗannan fina-finai, har da La stanza del figlio na Nanni Moretti a kan iyalin da suka rasa ɗa, da Vermiglio na Maura Delpero na 2024, ana kallonsu ne a zama ɗaya, waya a kife, ba a gaggauta su, ba a kuma tsammanin a ɗaure kowane zare a ƙarshe, domin sau da yawa darakta yakan tsaya ne ya bar wa mai kallo hukunci.

Inda ake samu, da yadda ake ci gaba

Abin da ke cikin manhajojin kallo yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, yana kuma sauyawa, don haka a bincika da sunan asali a kowacce. Mafi tabbas su ne waɗanda Netflix ya mallaka da kansa, irin su La vita davanti a sé na 2020, inda Sophia Loren ta fito a matsayin tsohuwar da ta riƙi wani maraya Musulmi ɗan Senegal a birnin Bari, da È stata la mano di Dio na Sorrentino, na 2021, a kan ƙuruciyarsa a Napoli zamanin da Maradona ya zo ƙungiyar garin a 1984, wanda shi ma na manya ne. Manhajar RaiPlay ta gidan talabijin ɗin gwamnatin Italiya tana da tarin fina-finai, amma yawancinsu an killace su ga masu kallo a cikin ƙasar. Kwafin sata da ke yawo a Telegram, ban da haƙƙin masu shi, yakan zo da tarjamar na'ura wadda take kashe barkwanci gaba ɗaya.

Mazaunin Jidda, da na Makka ko Madina da zai iya hawa jirgin ƙasa na Haramain, yana da dama biyu. Bikin fina-finai na Bahar Maliya ana yin sa a Jidda a ƙarshen kowace shekara tun 2021, kuma shugaban alƙalan gasarsa ta farko ɗan Italiya ne, Giuseppe Tornatore, mai Nuovo Cinema Paradiso. Sai gidan silima na Hayy Cinema, wanda aka buɗe a Disambar 2022 a cikin cibiyar Hayy Jameel domin fina-finan da manyan gidajen silima ba sa ɗauka. A riƙa duba jadawalinsu tun da wuri, tare da shafukan ofishin jakadancin Italiya da ke Riyad da ƙaramin ofishinsa na Jidda, inda ake sanar da tarukan al'adu.

Don sanin sababbi, a bi jerin waɗanda aka zaɓa a David di Donatello, babbar kyautar silimar cikin gida da ake bayarwa tun 1956, domin ta fi Oscar nuna faɗin abin da ake shiryawa, tana kuma da rukunin darakta sabon shiga. Bikin Venis, wanda aka fara a 1932, ana yin sa a ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, kuma yawancin manyan fina-finan shekara a can ko a Cannes suke fara fitowa kafin su iso manhajoji bayan watanni. Hanya ta uku ita ce bin jarumi maimakon darakta, saboda jaruman Italiya ba sa tsayawa a layi ɗaya: Toni Servillo ne dillalin guba a Gomorra, shi ne Andreotti a Il divo, shi ne kuma ɗan sandan La ragazza nella nebbia, Luca Marinelli kuma, wanda ya fito a mugun Jeeg Robot, shi ne ɗan birnin da ke komawa tsauni a Le otto montagne.